Tsakanin sani da aikatawa: wace irin jinya ce take amfanar baligi mai ADHD?

Akwai wata tambaya da kusan duk baligin da aka gano yana da larurar ADHD, wato larurar wahalar tsai da hankali da yawan kazar-kazar, ya sha jin ta tun yana ƙarami, daga bakin iyaye da malamai, daga baya kuma daga bakin abokin zama ko shugaban wurin aiki: "Tunda ka san abin da ya kamata, me ya hana ka yi?" Ba shi da amsa, domin shi ma tambayar da yake yi wa kansa ke nan dare da rana. Ya san ranar da wa'adin rahoto zai cika, ya san takardar da ke kan teburinsa mako uku ke nan tana jiran a cike ta, ya kuma san aikin ba zai ci minti goma ba, amma duk lokacin da idonsa ya sauka a kanta sai ya ji wani nauyi a ƙirji, ya kau da kai, ya ce sai an jima. Wannan giɓi da ke tsakanin sani da aikatawa shi ne tushen larurar, kuma a ganina da shi ya kamata a auna kowace irin jinya da ake yi wa manya masu fama da ita. Jinyar da ta tsaya ga ƙara wa irin wannan mutum sani da nasiha, komai kyawun niyyarta, ruwa take zubawa a tulun da ya riga ya cika.

Larurar tsohuwa ce, sunanta ne kawai bai daɗe ba. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya rubuta bayanin mutanen da hankalinsu ba ya iya zama a kan abu guda, ya kuma lura cewa tun daga yarinta ake ganin haka a tare da su. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan a kan yaran da basirarsu lafiya lau take amma ba sa iya kame kansu, sai dai ya ɗauki matsalar a matsayin naƙasu a ɗabi'a. Wannan fassara ta ɓacin hali ita ce ta fi kama zukatan jama'a, kuma har gobe da ita ake yanke wa mutane hukunci. A 1937 Charles Bradley, a Amurka, ya ba wasu yara ƙwayar Benzedrine da nufin sauƙaƙa musu ciwon kai, sai aka ga da yawansu sun natsu sun mai da hankali ga karatu, abin da ya nuna cewa akwai hannun sinadaran ƙwaƙwalwa a lamarin. Sunan ADHD kansa ya shiga kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke tantance larurori da shi, wato DSM, a shekarar 1987, kuma yana tattare da abu uku: wahalar tsai da hankali, yawan kazar-kazar, da garaje wajen magana ko aiki.

An daɗe ana zaton yaro yana girma zai bar abin a baya. Yanzu an tabbatar cewa da yawa suna shiga girma da shi, kamanninsa ne kawai suke sauyawa: yaron da ba ya iya zama a kujerar aji ya zama mutumin da ke zaune a taro jikinsa a natse, alhali tunani goma na kokawa a kansa. Ƙiyasin da aka fi dogara da shi yana nuna kimanin kashi 5 cikin 100 na yara, da kimanin kashi biyu da rabi na manya. Bugun DSM na 2013 ya buɗe wa manya ƙofa, domin ya rage alamun da ake buƙata daga shida zuwa biyar ga wanda ya kai shekara 17, ya kuma ɗaga shekarun da dole alamun su fara bayyana daga bakwai zuwa 12. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa gado yana da kaso tsakanin 70 da 80 cikin 100 a bambancin da ke tsakanin mutane kan wannan larura, shi ya sa uwa ko uba sukan gane kansu ne a ranar da likita yake lissafa alamun ɗansu. Mata sun fi yawa cikin waɗanda aka tsallake suna yara, saboda yarinyar da ta yi shiru tana kallon taga ba ta dami kowa ba.

Masanin halayyar ɗan Adam Russell Barkley ya shafe shekaru yana jaddada cewa matsalar tana ga tafiyar da kai ne, wato iya riƙe manufa a zuciya, da danne abin da ya gifta, da fara aikin da ladarsa take nesa. Waɗannan ayyuka sun dogara sosai ga sashen gaba na ƙwaƙwalwa da hanyoyin da suka haɗa shi da sauran sassa, inda sinadaran dofamin da noradirenalin suke kai saƙo. Ga mai larurar, lokaci kamar gida biyu ne kawai gare shi: yanzu, da ba yanzu ba. Wa'adin da ya rage mako biyu ba ya motsa shi ko kaɗan, sai ya rage sa'a shida tukuna ya zama gaskiya a jikinsa, ya kwana yana aiki cikin firgici. Wannan ne kuma yake warware wani abu da ke rikita 'yan'uwa, wato yadda mutumin da ya kasa cike takarda ta minti goma zai iya nutsewa sa'a biyar cikin abin da yake sha'awa har ya manta da cin abinci. Hankalin yana nan, linzaminsa ne ba ya hannun mai shi.

Idan aka fahimci haka, za a ga dalilin da ya sa zaman jinya irin wanda aka saba yakan gaza. A tsarin da aka saba, mutum yana zuwa wurin ƙwararre sau ɗaya a mako, ya yi bayanin damuwarsa, a taimaka masa ya gano asalinta, sannan a sa ran wannan ganewa za ta bi shi gida ta sauya halinsa. Mai ADHD yakan yi fice a irin wannan zama, domin sau da yawa yana da zance da saurin fahimta, ya fita yana jin duniya ta gyaru. Kafin ya isa gida abin da aka tattauna ya dusashe, takardar aikin gida da aka ba shi ta ɓace a jaka, mako na gaba kuma ya makara ko ya manta da ranar gaba ɗaya. Ƙwararren da bai san larurar ba zai iya fassara wannan da taurin kai ko rashin son warkewa, sai ɗakin jinya ya zama wani sabon wurin da aka ƙara tabbatar wa mutum cewa shi ne bai yi ƙoƙari ba. Ina ganin wannan a matsayin cutarwa ta gaske, ko da ba da gangan aka yi ta ba.

Kafin a ci gaba, dole a ba magani haƙƙinsa, domin akwai masu son a ce tattaunawa kaɗai ta wadatar. Shaidar da ake da ita ta nuna cewa wajen rage ainihin alamun larurar, magungunan da ke ƙara kuzarin saƙonnin dofamin, irin su metilfenidet wanda aka fi sani da Ritalin, da dangin amfetamin, su ne suka fi ƙarfi. Akwai kuma atomozetin, wanda Amurka ta amince da shi a 2002, ga wanda waɗancan ba su karɓe shi ba. Hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a ƙa'idojinta na 2018, ta ce a fara da gyara yanayin da mutum yake aiki da rayuwa a ciki, idan alamun suka ci gaba da cutar da shi a ba shi magani, sannan a yi la'akari da jinyar tattaunawa ga wanda ya ƙi maganin, ko jikinsa bai ɗauka ba, ko ya sha amma da sauran matsala. Magungunan suna da nasu nauyi, kamar rage cin abinci, hana barci, da ɗaga bugun zuciya da hawan jini, don haka sai da kulawar likita. Abin da ƙwaya ba ta iya yi shi ne ta koya wa ɗan shekara 40 tsarin da bai taɓa ginawa ba, ko ta goge masa abin da ya daɗe yana faɗa wa kansa game da kansa.

Nan ne tsarin gyaran tunani da ɗabi'a, wanda aka fi sani da CBT, ya shigo, amma wanda aka sake ɗinka shi daidai da jikin larurar. A 2010 Steven Safren da abokan aikinsa a Boston sun gwada shi a kan manya 86 da suke shan magani amma alamun ba su bar su ba. Waɗanda aka yi wa zama 12 na CBT sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka koya wa dabarun sassauta jiki da bayanin larurar, kuma sauƙin ya ɗore har bayan shekara. A wannan shekarar Mary Solanto ta wallafa gwajin wani horo na rukuni a kan manya 88, wanda ya mai da hankali kan sarrafa lokaci da tsara aiki, ya kuma fi zaman tallafi na fira kawai rage alamun rashin tsai da hankali. Abin da ya haɗa hanyoyin biyu shi ne sun ɗauke nauyin tunawa da tsarawa daga cikin kai, sun ɗora shi a kan abubuwan da ido yake gani.

A ɗauki misalin mutumin da ya zauna gaban ƙwararre ya ce, "Likita, wannan makon zan gama rahoton nan, in sha Allahu." Wanda bai san larurar ba zai gyaɗa kai ya rubuta. Wanda ya santa zai ajiye alƙalami ya ce, "Malam, wace rana? Ƙarfe nawa? A wace kujera za ka zauna, kuma wayarka tana ina a lokacin? Mene ne abu na farko da hannunka zai taɓa?" Za su yi ta rage aikin har ya koma abin da ba ya ba da tsoro: buɗe kwamfuta, buɗe fayil, rubuta take. Za su sa ƙararrawa a wayar tun suna cikin ɗakin, ba sai ya koma gida ba. Za su amince da littafi guda ɗaya tak da komai zai riƙa shiga cikinsa, domin mai larurar yakan tara littattafai biyar da manhajoji uku, kowanne da rabin rayuwarsa. Za su auna tsawon lokacin da hankalinsa yake iya tsayawa a kan aiki mai gundura, idan minti 12 ne a yanka aikin gida-gida daidai da haka, kuma duk tunanin da ya faɗo a tsakiya a rubuta shi a gefe a ci gaba. Wasu suna samun sauƙin farawa idan wani yana zaune kusa da su yana nasa aikin, ko da ba ya ce musu komai. Mai kallo daga nesa zai iya raina waɗannan dabaru, ya ce ai kowa ya san su. Haka ne, shi ma majinyacin ya san su. Aikin zaman shi ne a dasa su a daidai wuri da lokacin da ake buƙatarsu, a dawo mako na gaba a duba inda suka karye ba tare da zargi ba, a sake ɗaurawa.

Ba kowane gwaji ne ya ba da sakamako mai daɗin ji ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Wani babban bincike a Jamus da Alexandra Philipsen ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2015 kuma ya haɗa manya sama da 400, ya gano cewa jinyar rukuni da aka tsara musamman ba ta fi ganawar yau da kullum da likita mai kulawa rage alamun ba, alhali metilfenidet ya fi ƙwayar da babu sinadari a cikinta. Abin da na fahimta daga wannan shi ne kada a tallata jinyar tattaunawa a matsayin abin da zai kawar da larurar. Amfaninta ya fi bayyana a yadda mutum yake tafiyar da rayuwarsa tare da larurar, da kuma raunin da shekaru suka bari.

Wannan rauni, a nawa ra'ayi, shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi mantawa. Wanda aka gano larurarsa yana da shekara 35 ya riga ya ji an kira shi malalaci, marar kula, mai wasa da basirarsa, sau da ba ya ƙirguwa, har muryar ta koma cikinsa ta zama tasa. Nauyin da yake ji idan ya kalli takardar nan a kan tebur ya haɗa da tunawa da duk takardun da suka gabace ta. Kunya tana haifar da gudu, gudu yana ƙara tara aiki, tarin aiki yana ƙara kunya. Shi ya sa ciwon damuwa, da fargaba mai tsanani, da matsalar barci, da shaye-shaye sukan zo tare da ADHD a manya, har a shafe shekaru ana jinyar damuwar ba a duba abin da ke ƙarƙashinta ba. Ranar da aka sanar da mutum sunan larurarsa yakan ji sauƙi, bayan haka kuma wani baƙin ciki ya biyo, na karatun da ya watse, da aikin da ya rasa, da zumuncin da ya lalace saboda saƙon da bai amsa ba. Ƙwararre nagari yana barin wannan juyayi ya sami wuri, ba ya gaggawar rufe shi da jadawali. Yana kuma taimaka wa mutum ya raba abu biyu da suka cakuɗe masa: larurar ba laifinsa ba ce, amma alkawarin da ya saɓa wa wani yana nan a wuyansa, kuma gyara shi nasa ne.

Daga nan sai tambaya mafi zurfi ta taso, wato ina aka dosa da jinyar. A ƙarshen shekarun 1990 wani ra'ayi ya taso daga cikin masu larurar otizim (larurar da ke shafar yadda mutum yake mu'amala da sadarwa da sauran mutane), wanda Judy Singer ta Ostareliya tana cikin waɗanda suka yaɗa shi, cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam iri-iri ce a halitta, kuma otizim da ADHD da wahalar karatu ta disleksiya bambancin gini ne da ya kamata a yi wa wuri. Wannan ra'ayi ya sauya ɗakin jinya ta hanya mai amfani. Manya masu otizim da yawa sun bayyana yadda suka kwashe rayuwarsu suna ɓoye yanayinsu, suna tilasta wa kansu kallon idon mutane, suna haddace fira tun kafin a yi ta, suna danne motsin jikin da ke kwantar musu da hankali, har su kai ga gajiyar da ke durƙusar da mutum. Jinyar da burinta shi ne ta ƙara musu ƙwarewa a wannan ɓoyo tana ƙara musu ciwo ne. A 2012 Damian Milton, masani a Birtaniya wanda shi kansa yana da otizim, ya nuna cewa rashin fahimtar da ke tsakanin mai otizim da sauran mutane daga ɓangare biyu take, kowanne yana kasa karanta ɗan'uwansa, don haka bai dace a ɗora wa ɓangare ɗaya duk nauyin gyara ba. Tun daga 2013 kuma aka yarda a hukumance cewa mutum ɗaya zai iya haɗa otizim da ADHD, kuma irin wannan mutum yakan sami kansa a tsaka mai wuya, wani sashe nasa yana son tsari marar sauyawa, wani kuma yana gundura da shi cikin kwana uku.

Na yarda da mafi yawan wannan ra'ayi, amma ban yarda da masu kai shi har inda za a ce ADHD baiwa ce kawai da jama'a suka kasa ganewa ba. Wani bincike a Denmak da aka wallafa a 2015, wanda ya bi mutane kusan miliyan biyu, ya gano cewa masu larurar sun ninka sauran mutane haɗarin mutuwa da wuri, mafi yawa ta hanyar haɗurra. Mutumin da bashi ya yi masa katutu saboda sayayyar garaje, ko wanda hankalinsa ke ɗaukewa yana tuƙi, yana buƙatar taimako na zahiri. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne a tambayi kowace ɗabi'a: wa take cutarwa? Idan mutum yana kaɗa ƙafa a taro ko ya fi fahimtar karatu yana kai da kawowa a ɗaki, babu abin gyara a nan sai idon masu kallo. Idan yana manta ɗauko yaro daga makaranta, ko fushinsa yana tashi cikin daƙiƙa ya faɗi abin da zai yi nadama, nan ne jinya take da aiki, kuma mutumin da kansa ne ya kamata ya zaɓi abin da za a fara da shi.

Tantancewa kanta tana buƙatar natsuwa, musamman yanzu da gajerun bidiyo a intanet suke sa kowa ya ga kansa a cikin jerin alamu. Ƙarancin barci, da ciwon damuwa, da tabon wata masifa da mutum ya taɓa shiga, da matsalar maƙoƙo duk suna iya wargaza hankali. Abin da ke bambanta ADHD shi ne ta faro tun yarinta, tana bayyana a fiye da wuri ɗaya, kuma tana jawo asara ta gaske, shi ya sa likita mai kyau yakan nemi jin ta bakin wanda ya san mutumin yana yaro. Haka nan masu kiran kansu masu horar da masu ADHD, wasunsu suna da amfani wajen tsara ayyukan yau da kullum, amma sana'ar ba ta da irin sa idon da ke kan likitoci da masana halayya, kuma ba hurumin mai horo ba ne ya tantance larura ko ya yi jinyar damuwa.

Abokin zama ma yana da wuri a wannan aiki. A gidaje da yawa ɗaya yakan zama mai tunatarwa da bin diddigi har ya gaji ya fara jin kamar yaro yake reno, ɗayan kuma ya ji kullum a gaban alƙali yake. Zama ɗaya ko biyu tare da ƙwararre, inda za a raba ayyuka bisa ƙarfin kowa a kuma miƙa aikin tunatarwa ga allo da ƙararrawa, yakan sauke wani nauyi da ya daɗe a tsakaninsu.

Shi kansa tsarin zaman dole ya ɗauki larurar da muhimmanci. Saƙon tunatarwa kwana ɗaya kafin ganawa da kuma sa'a ɗaya kafinta, taƙaitaccen rubutu na abin da aka cim ma a ƙarshen kowane zama, izinin tashi a miƙe ko riƙe wani abu a hannu, rage hasken fitila mai ƙarfi da hayaniya ga mai otizim, da yin tambaya kai tsaye maimakon "yaya kake ji" ga wanda yake wahalar sa wa abin da ke ransa suna, duk waɗannan ɓangaren jinyar ne. Mafi muhimmanci shi ne abin da ake yi idan mutum ya ɓace. Mai ADHD da ya tsallake zama biyu yakan ji kunyar dawowa, sai ya tsallake na uku saboda kunyar, daga nan ya yanke. Wuraren da suke sallamar majinyaci bayan ya saɓa lokaci sau biyu suna korarsa ne saboda alamar da ta kawo shi. Ƙwararren da ya san aikinsa yakan shirya wa wannan rana tun a zaman farko, ya ce masa, "Malam, akwai makon da za ka manta, akwai kuma wanda za ka ji ba ka son zuwa saboda ba ka yi abin da muka tsara ba. Idan haka ta faru, ka aiko min da kalma ɗaya kawai, ni zan sa maka wata ranar."